Yadda Ake Shirya Daren Cika-ciki a Gidan Abuja

Kowace al'umma da daren da take sallamar tsohuwar shekara. Na Japanawa shi ne daren 31 ga Disamba, wanda suke kira Omisoka. Kafin ya zo sai sun share gida tas, sun sauke bashi. In dare ya yi iyali su haɗu su ci wata doguwar taliya mai suna soba, a cinye ta kafin sha biyu, sannan a saurari ƙararrawar da ake bugawa sau 108 a wuraren ibadar mabiya Buddha. Mu namu daren ba a ƙarshen Zulhajji yake ba. Sai sabuwar shekara ta kwana tara, a daren goma ga Muharram, Bahaushe yake ɗora babbar tukunya, kowa ya ci ya ƙoshi, a aika wa maƙwabta. Shi ne cika-ciki.

A Kano ko Katsina ko Maraɗi ba a zaunar da kowa a koya masa wannan. Yaro yana tasowa ya tarar ana yi. A Abuja kuwa, ma'aikaci da matarsa suna can a bene a Gwarimpa ko ciki da falo a Kubwa, babu kaka kusa, babu gwaggo, ranar kuma ranar aiki ce. Sai daren ya zo ya wuce ba wanda ya farga. Abin yana damuna, domin yaran da aka haifa a garin nan suna girma ba su san gidansu yana da irin wannan dare ba. Matakan da ke ƙasa na gidan da bai taɓa shiryawa da kansa ba ne. Aikin wata guda ne, kuma ranar Babbar Sallah yake farawa.

1. Ranar layya, ku ware wutsiyar rago tun kafin a fara rabo. Maigida, ka tsaya kan mahauci lokacin fiɗa. Ka ce masa ya cire wutsiyar tare da ɗan ƙashin ƙugu da naman da ke jikinsa. In ba ka yi magana ba, sau da yawa wutsiyar bin fata take yi ta tafi. Ragunanmu, Balami da Uda da Yankasa, siririyar wutsiya gare su, ita kaɗai ba za ta riƙe tukunya ba. Ka ƙara mata haƙarƙari uku ko huɗu, ko ƙafafu biyu. Gidan da bai yi yanka ba ya ware daga abin da aka aiko masa. Ba mu kaɗai ke wannan ajiya ba, a Maroko ma wutsiyar ragon layya ake busarwa a jira Ashura da ita.

2. Uwargida, ki sa gishiri a ranar, kada naman ya kwana haka nan. Ki wanke, ki tsane shi sosai. Ki tsattsaga wuraren da ke da tsoka, kada wani yanki ya wuce kaurin yatsa. Ki cuɗe shi da gishiri har cikin tsagar, ki barbaɗa garin citta da barkono. Ƙafafu kuma a babbake su da itace ko gas, a kankare. Kada ki yarda a babbake miki da tayar mota, hayaƙinta guba ne kuma yana shiga nama.

3. Ki ƙyafe naman a kan garwashi. A shekarun nan Babbar Sallah cikin damina take faɗowa, ta 2025 a farkon Yuni aka yi ta, kuma iskar Abuja a wannan lokaci jiƙe take. Shanya a rana kaɗai ba za ta fisshe ki ba, ƙuda zai riga rana zuwa. Ki hura gawayi a kurfoti, ki jira harshen wutar ya kwanta. Ki ɗora waya, ki jera naman nesa da garwashin. Zafi kaɗan ake so da lokaci mai tsawo. In kin ji yana ta ƙara yana ɗigar mai, wutar ta yi yawa, gashi kike yi, ki rage garwashin. Ranar farko awa uku zuwa huɗu kina juyawa, sannan awa ɗaya kullum har kwana uku.

4. Ki adana, ki kuma riƙa dubawa. Naman ya yi idan ya yi duhu, ya yi tauri, kin matsa da yatsa babu danshi. Ki bar shi ya huce, ki naɗe da takarda mai tsabta, ki sa a kwando mai shan iska, ki rataye inda ɓera ba ya kaiwa. Kada ki ɗaure shi a leda. Leda tana sa shi gumi, gumi kuma fumfuna yake kawowa. Duk bayan kwana uku ki buɗe ki sansana. Sau ɗaya a mako ki mayar da shi kan garwashi na rabin awa. Mai firiza za ta iya sawa a ciki, amma ta san cewa in an ɗauke wuta, firizar da ke cike kuma ba a buɗe ta ba tana riƙe sanyi kusan kwana biyu, wadda ke rabi kuwa kwana ɗaya ne. In naman ya yi wari ko yauƙi ko tsutsa, ki zubar ba tare da dogon tunani ba. Kaza za ta tsaya a madadinsa.

5. Ranar 29 ga Zulhajji ku saurari sanarwar wata. Daga fadar Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, take fitowa, bayan kwamitin duban wata ya tattara rahotanni. Kada ku dogara da kalandar bango ko ta waya, takan saɓa da kwana ɗaya. Jihohi irin su Kano da Sakkwato da Jigawa sukan ba da hutun 1 ga Muharram. Abuja hutun Gwamnatin Tarayya take bi, babu wannan a ciki, don haka ba wanda zai tuna muku.

6. Ku zauna ku yi lissafin kwanakin, ku rubuta. A nan ne aka fi kuskure. A lissafin Musulunci dare yana riga yini, kwana yana farawa ne daga faɗuwar rana. Misali, in aka ce 1 ga Muharram Lahadi ce, to tara ga wata Litinin ce, ita ce Tasu'a. Goma ga wata Talata, ita ce Ashura. Daren goma kuwa shi ne daren Litinin wayewar Talata, wato da zarar an sha ruwan azumin Tasu'a an shiga cikinsa. Ranar tana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, kada ku yi aiki da ta bara.

7. Ku buga waya gida. Ku tambayi Hajiya ko Inna yadda ake yi a gidanku. Wasu gidaje a daren goma suke cika-cikin, wasu sai an sha ruwan Ashura. Wasu tuwon dawa ne nasu, wasu na shinkafa, wasu dambu ko funkaso. In al'adar gidan miji da ta gidan mata sun bambanta, ku daidaita tun yanzu. Tsarin da ke nan na daren goma ne, mai bin ɗaya hanyar sai ya matsar da girkin da kwana ɗaya.

8. Ku san wanne ne ibada, wanne ne al'ada, tun kafin yara su tambaya. Azumin Ashura sunna ne tabbatacce. Manzon Allah (SAW) ya azumci ranar, ya kuma yi umarni da a azumce ta, domin a cikinta Allah ya tserar da Annabi Musa da mutanensa daga Fir'auna. Ya zo a Sahihu Muslim cewa azumin yana kankare zunuban shekarar da ta gabata, da kuma cewa Annabi ya yi niyyar haɗawa da ranar tara. Yalwata wa iyali abinci kuwa akwai hadisi a kai, Baihaƙi da wasu sun ruwaito, malamai kuma sun yi saɓani a kan ingancinsa. Wasu sun ƙarfafa shi, wasu irin su Ibn Taimiyya sun ce ba shi da tushe. Ku tambayi malamin da kuka amince da shi. Ni dai a ganina, wanda ya ciyar da iyalinsa da maƙwabtansa a matsayin al'ada da sada zumunci, bai ce wajibi ne ba, bai yi laifi ba. Ajiye wutsiya kuwa al'ada ce zalla, ba sharaɗin komai ba ce.

9. Daga 1 zuwa 5 ga Muharram, ku sauke ƙananan basussuka. A Japan ta da, 'yan kasuwa kan bi gida-gida suna karɓar bashin shekara har tsakar daren ƙarshe, kowa yana ƙoƙarin kada sabuwar shekara ta same shi da nauyin wani. Ku ɗauki takarda ku jera: mai kanti, tela, mai kawo ruwa a kura, malamin Islamiyya, 'yar aiki. Waɗannan ba sa iya tambaya da ƙarfi, shi ya sa ake mantawa da su. Ku biya wanda za ku iya. Wanda ba za ku iya ba, ku kira shi ku sa rana. Ba ya kyautuwa a aika wa mutum tuwo alhali kuɗin guminsa yana hannunku.

10. Mai dukiya ya duba zakkarsa. 'Yan kasuwa da yawa a wannan wata suke fitarwa. Ɗaya cikin arba'in ne, wato kashi 2.5 cikin ɗari, idan dukiyar ta kai nisabi kuma ta shekara. Nisabin yana bin farashin zinare, kimanin giram 85, sai a tambayi na bana. Hattara a nan: shekarar zakka daga ranar da dukiyarka ta kai nisabi take farawa. In taka ta cika a Rajab, ba a jinkirta ta zuwa Muharram.

11. Ranar hutun ƙarshen mako da ta riga tara ga wata, ku share gida. Wannan matakin daga Japanawa na aro shi, kuma ya dace da mu. Su tun 13 ga Disamba suke fara kakkaɓe kunkunniya, kowa da aikinsa, har maigida da yara. Ku fara daga sama, yana da fanka da saman kwaba, sannan ku sauko ƙasa. Wanda ya fara da daɓe sau biyu zai yi shara. Ku yashe kwatar ƙofar gida, ku kifar da duk gwangwanin da ke tara ruwan sama, don damina ce kuma sauro a nan yake ƙyanƙyasa. Kayan sawar da suka yi wa yara kaɗan a wanke, a ninke, a ware. Za su bi abinci su tafi.

12. Ku rubuta sunayen waɗanda za a kai wa abinci. Ina roƙon ku daɗe a kan wannan matakin, domin shi ne ya fi wuya a Abuja, kuma in babu shi, abin da ya rage cin dare ne kawai. A nan mutum yakan shekara biyar bai san sunan wanda ke bayan katangarsa ba. Ku fara da ƙofar da ta fi kusa, Musulmi ne ko Kirista, Bagwari ne ko Ibo. Sai maigadi, wanda ya baro iyalinsa a Zamfara ko Damagaram yana kwana a ɗan ɗakin bakin ƙofa. Sai mai shara, mai wankin mota, mai gyaran takalmi, ɗalibi ko ɗan hidimar ƙasa da ke zaune shi kaɗai, matar da mijinta ya rasu. Mai hali ya tuna da 'yan gudun hijirar da ke Durumi da Kuchingoro, sai dai su ɗanyen hatsi ya fi musu amfani, a kai da rana tun kafin ranar. Ku ƙirga sunayen. Da wannan adadin za a yi cefane.

13. Ku gama cefane zuwa bakwai ga wata. Kasuwannin Wuse da Utako da Garki suna ci kullum. Mai neman rangwame ya nufi Karmo ranar Talata, Nyanya ranar Laraba, ko Gosa da ke hanyar filin jirgi ranar Juma'a. Gida mai mutum shida da kwano goma na rabo zai buƙaci garin masara mudu uku, kuka gwangwanin madara biyu, daddawa, albasa, attaruhu, citta, masoro, kanumfari, tafarnuwa, man shanu ƙaramar kwalba, da kaji biyu. Ki duba kukar a haske. Mai kyau kore ce shar, wadda ta koma ruwan ƙasa ta tsufa. Ki murza kaɗan a yatsa ki ji ko da yashi. A duba gas ko gawayi a ranar. Kada ku bar cefane sai tara ko goma ga wata, domin ranakun sukan zo da muzahara da ƙarin shingayen jami'an tsaro a wasu titunan birnin.

14. Daren tara, ku ɗaura niyyar azumi, ki kuma jiƙa naman. Ki wanke shi da ruwan ɗumi, ki goge baƙin hayaƙin da ya yi yawa. Ki zuba masa ruwan sanyi ya sha kansa, ki sa a firij. Da sahur ki zubar da ruwan ki sake wani. Gishirin wata guda ne a jikinsa, in bai fita a nan ba a miya zai fita. A daren nan kuma ki daka daddawa da kayan ƙamshi, ki tankaɗe kuka da gari, ki soya man shanu da albasa har ya daina kumfa. Gobe da azumi a baki za ki ji daɗin kin rage aiki.

15. Ranar tara, ku tsara lokaci daga magariba ku yo baya. A Yuni da Yuli rana tana faɗuwa a Abuja wajen bakwai saura. Abincin rabo ya kamata ya fita ƙarfe shida. Ke nan tuwo ya sauka biyar da rabi, nama kuma ya hau wuta ƙarfe biyu. Maigida, in kana bin hanyar Nyanya da Mararraba, ko ta Kubwa, ko ta Lugbe, ka san yadda suke cushewa bayan an tashi aiki ƙarfe huɗu. Ka nemi izini tun ana gobe ka fito da wuri. In ku biyun duka ma'aikata ne, a jiƙa naman da wuri, a dafa shi da daddare a sa a firij, miya da tuwo kawai su rage.

16. Ki ɗora naman. Ki zuba shi a tukunya mai kauri da sabon ruwa, da albasa ɗaya, citta da tafarnuwa. Ya tafasa, ki kwashe kumfar da ta taso, ki rage wuta. Busasshen nama ba ya son gaggawa, yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ƙafafu ma sun fi haka. Ruwa in ya ja, ki ƙara mai zafi. Ya nuna idan gaɓoɓin wutsiyar suka fara rabuwa da kansu. Kajin ki dafa su daban, don in kin haɗa su da shi za su dagargaje kafin ya yi laushi. Ki tace romonsu ki ajiye. Kada ki sa gishiri ko ɗanɗano ko kaɗan tukuna.

17. Ki haɗa miya. Ki juye romon kaza cikin tukunyar naman, ki zuba jajjagen attaruhu da albasa, da dakakkiyar daddawa, da masoro da kanumfari. Ki bar su minti ashirin zuwa talatin, har gafin daddawar ya tafi, ƙamshinta ya fito. Yanzu a ɗanɗana gishiri. Tunda kina azumi, ki ba yaro ko wanda ba ya yi ya ɗanɗana miki. Ki tsame naman gefe guda. Ki rage wuta sosai, ki riƙa barbaɗa kuka da hannun hagu kaɗan-kaɗan, kina kaɗawa da maburgi da hannun dama. In kin juye ta gaba ɗaya za ta yi gudaji, kuma ba ya murjewa. Ki tsaya tun tana da ɗan ruwa-ruwa, don tana ƙara kauri in ta huce. Minti biyar a buɗe, ki mayar da naman, ki sauke.

18. Ki tuƙa tuwo. Ruwa ya tafasa sosai. Ki dama kashi ɗaya cikin huɗu na garin da ruwan sanyi, ki zuba kina juyawa da muciya, talge ke nan. Ki rufe ya dahu minti goma sha biyar, kuma ki yi nesa da fuskarki in za ki buɗe, talge yana tsalle yana ƙuna. Sai ki riƙa zuba sauran garin kina tuƙawa har ya haɗe jikinsa. Ki yayyafa ruwa kaɗan, ki rufe ya sulala minti goma a wuta ƙasa-ƙasa. Ki sake tuƙawa, ki kwashe da mara, ki malmala. Tuwon da bai sulala ba gari-gari yake yi a baki, kuma da wuri yake lalacewa. In tukunyarki ba ta ɗaukar mudu uku, ki yi shi sau biyu.

19. Ku fitar da na rabo kafin ku zuba naku. Kowane kwano malmala biyu, miya a mazubi daban, da yankan nama da cokalin man shanu. Ku aiki yara su kai, babba ya raka su in za a tsallaka titi. Ku koya musu abin da za su ce: su yi sallama, su gaishe da mutanen gida, su ce daga gidan wane ne, abincin sabuwar shekara ne. Maƙwabcin da bai san al'adar ba, maigida ya je da kansa ya yi masa bayani a taƙaice. Wanda ya ce ya gode ba ya buƙata, a karɓa da fara'a, a wuce gaba.

20. An kira magariba, ku sha ruwa da abu mara nauyi. Dabino, ruwa, kofin kunu. Ku yi sallah. Kada ku afka wa tuwo da buɗe baki, ciki ya yini babu komai, zai kulle da wuri. Ku bari sai bayan isha'i.

21. Ku shimfiɗa tabarma ku zauna wuri ɗaya. A kashe talabijin, a ajiye wayoyi a ɗaki. Maigida, ka raba wutsiyar da hannunka, gaɓa-gaɓa, kowa ya samu ko da ɗan tsoka ne, har 'yar aiki da baƙon da ya shigo. Ka gaya wa yara cewa ragon Sallarsu ne. Kowa ya ci har ya ƙoshi, mai son ƙari a ƙara masa. Amma kada a tilasta wa yaro, kada kuma a tsorata shi da cewa wanda bai ƙoshi ba zai shekara da yunwa, ko za a cika masa ciki da wuta. Camfi ne, ba shi da asali a addini. Koyarwar Annabi ita ce a bar wa ruwa da numfashi wuri a ciki. Mai ciwon suga ko hawan jini ya tsaya a ma'aunin da likita ya ba shi, ya kuma rage busasshen naman saboda gishiri.

22. Bayan an ci, ku ba yara labari, ku hana su wasa da wuta. A garuruwanmu na da, samari kan kunna kara ko yayi su yi ta jifan juna da shi a wannan dare, wasan wowwo ke nan. Dagombawan arewacin Gana har yau suna fita da wuta a daren, a bikinsu na Bugum. Wasan wuta ba na gidan haya mai tukunyar gas da janareta ba ne, haka ma abin fashewar da yara ke saya. Ku ba su labarin Annabi Musa da tsagewar teku. Ku gaya musu cewa a ranar Ashura ce, a shekara ta 61 bayan Hijira, aka kashe Sayyidina Husaini jikan Annabi a Karbala, don su san ranar tana da nauyi, ba ta kiɗa da hayaniya ba ce. Ku faɗa musu cewa Yarbawan Epe suna da Kayo-kayo, mutanen Senegal suna da Tamkarit, Agadas tana da Bianu, duk a wannan wata. Sai a kira kakanni a waya, kowane yaro ya gaishe su.

23. Ku biya kuɗin shara. Wannan kyauta ce ta abokan wasa a watan nan, tsakanin taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, da tsakanin jika da kaka. Hajiya ta san wa ke bin wa a danginku, ku tambaye ta. Ba a son kuɗin ya yi yawa, tsokanar da ke biye da shi ake so. Taubashin da ke nesa a tura masa ta waya, a kuma kira shi, don turawa shiru ba ta biya ba. Abuja ma ta tara abokan wasan a ofis ɗaya, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe. Gobe ka tafi aiki da canji a aljihu.

24. Kafin a kwanta, a gyara ragowar. Tuwon ya huce, a sa a firij. In babu wuta, a tafasa miyar sosai, a rufe, kada a sake sa cokali a ciki. A ɗaura niyyar azumin Ashura, a saita agogo ƙarfe huɗu, domin alfijir a wannan lokaci wajen biyar yake ketowa. Da sahur a yi ɗumame: a yayyanka tuwon, a tafasa shi cikin ruwa kaɗan har zafi ya ratsa tsakiyarsa, a ɗumama miyar ta tafaso. Ku sha ruwa da yawa, gishirin daren jiya zai kawo ƙishirwa da rana.

25. Ranar goma ku yi azumi, ku tafi harkokinku. A gidaje da yawa akan yi wanka, a yanke farce, a sa kwalli, a gai da mara lafiya, a kyautata wa maraya. Waɗannan ayyuka ne masu kyau a kowace rana, amma keɓe su da Ashura na cikin abin da malamai suka yi magana a kai, sai ku bi abin da malaminku ya faɗa. Kayan yaran da kuka ware a kai su yau. Da yamma yara su zaga su karɓo kwanuka. Buɗa bakin yau mai sauƙi ne, kunu da ƙosai sun isa.

26. Wanda tara ga wata ta kuɓuce masa saboda tafiya ko mantuwa, ya azumci goma ya haɗa da sha ɗaya. Wanda goma kaɗai ya samu, azuminsa ya yi. Mace mai uzuri, da mara lafiya, da tsohon da ba ya iyawa, babu ramuwa a kansu tunda nafila ce. In akwai wanda sunansa ke cikin takarda amma abinci bai kai gare shi ba, ku auna masa ɗanyen gari da kuka da daddawa, a kai masa kafin mako ya fita.